Na haura 40, anya zan iya koyon salsa?

Tambaya: Malam, shekaruna 43, ina zaune a Landan da iyalina. Ni da maiɗakina muna sha'awar koyon rawar salsa, amma ni ko a gidan biki ban taɓa taka rawa ba, kiɗa na gabas ƙafata na yamma. Anya ban makara ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ka makara ba ko kaɗan. Magidanta irinka na zuwa ajina, kuma abin da ke ba su wahala ba shekaru ba ne, kunne ne. Saboda haka kafin ƙafa, fara da kunne.

Salsa ta yi ƙarfi ne a New York a shekarun 1960 da 1970, a hannun 'yan Kyuba da Puerto Rico, amma tushenta kaɗe-kaɗen da ake kira "son" da "mambo" ne na Kyuba, inda jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suka riƙe gangunansu. Ƙashin bayan kiɗan shi ne clave, wasu sanduna biyu da ake ƙwanƙwasawa sau biyar, uku sannan biyu, ko biyu sannan uku. Ka riƙa sauraron salsa a hanyarka ta zuwa aiki, kana laluben wannan ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin kakaki da ganguna. Ranar da ka kama shi, rabin aikin ya ƙare.

Lissafin takwas ne, taku shida. A ɗaya ka jefa ƙafar hagu gaba, a biyu nauyinka ya koma dama, a uku hagu ta dawo, a huɗu ka ɗan dakata. A biyar dama ta yi baya, a shida nauyi ya koma hagu, a bakwai dama ta dawo, a takwas ka sake dakatawa. Uwargida ita kuma akasin haka za ta yi. Wannan shi ne salon Los Angeles. 'Yan New York a biyu suke karya taku, wato jefa ƙafa gaba ko baya, bar wannan sai gaba.

Wajen ɗora nauyi ne nake son ka tsaya sosai. Sabon shiga yakan taɓa ƙasa da ƙafa ba tare da ya ɗora mata nauyinsa ba, sai ya rasa ƙafar da ke da layi, ya rikice. Kowane taku, ɗora jikinka duka. Kuma takun ya zama gajere, kada ya wuce tsawon tafin ƙafarka, gwiwa a sake. Kada ka ce za ka kaɗa ƙugu. Idan gwiwa ɗaya ta lanƙwashe ɗaya ta miƙe, ƙugu da kansa yake tafiya.

Jagoranci kuma, wato yadda kake nuna mata motsin da za ta yi, ba jan hannu ba ne. Tafinka na dama a allon kafaɗarta, hannun hagu riƙe da yatsunta a hankali kamar mai riƙe ƙwai. Na sha ganin mata suna barin aji da ciwon kafaɗa saboda an fizge su wajen juyi, abin yana damuna ƙwarai.

A ajin ana yawan musayar abokin rawa. In ba ku so, ku gaya wa malamin tun ranar farko cewa tare za ku tsaya. Ku nemi takalmi mai santsin ƙasa, don na roba yana cafke daɓe ya murɗe gwiwa. A gida kuma ku ture kujerun falo, minti 10 kullum bayan isha'i, da kiɗa mai sanyi, kuna ƙirgawa da baki.