An Kira Ni Intabiyun Kinisiyoloji a Kanada: Yaya Zan Tsara Amsoshina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu ke nan a Ontariyo ta ƙasar Kanada. A gida na yi digirina na farko kan ilimin motsa jiki, na kuma yi aiki da wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa kafin in taso. Yanzu an kira ni intabiyu nan da mako uku, don shiga digiri na biyu a fannin kinisiyoloji, wato nazarin motsin jikin ɗan Adam. Damuwata ita ce, ko na san amsa, sai in yi ta kewaye-kewaye har lokaci ya ƙare ban faɗi abin da ke bakina ba. A taimaka mini da shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa a shiga a sa'a. Kewayen nan da kake kuka da shi tarbiyya ce. An rene mu a kan ba a yi wa babba magana gatsau, sai an gaisa, an yi shimfiɗa, sannan a zo kan abin da ya kawo mutum. A zaure wannan ladabi ne. A ɗakin intabiyu kuwa agogo na tafiya, mai saurarenka na riƙe da takardar maki, yana jiran ya ji abin da zai sa wa alama. Don haka ka juya tsarin: amsar ta fara fitowa a jimlar farko, hujja ta biyo baya, shimfiɗa kuma a rage ta zuwa abin da ba makawa.

Kafin komai, koma kan wasiƙar gayyatar ka ga irin intabiyun da za a yi. Akwai na zama gaban mutum biyu ko uku. Akwai na bidiyo da ba kowa a ɗaya ɓangaren: tambaya ta fito a allo, a ba ka ɗan lokacin tunani, ka yi magana minti ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa ba a ba da damar sakewa. Sai na zango-zango da ake kira MMI, wanda jami'ar McMaster da ke Hamilton ta ƙirƙiro a farkon shekarun 2000, ya kuma bazu a makarantun lafiya. A tsarinsa na asali ana ba ka minti 2 ka karanta tambaya a bakin ƙofa, minti 8 a ciki, sai a buga ƙararrawa ka wuce zango na gaba, gaban wani mai ba da maki daban. Amfanin wannan a gare ka shi ne, idan ka yi tuntuɓe a zango na uku, na huɗu bai san an yi ba. Kada ka shiga wurinsa da fuskar wanda ya fāɗi.

Tambayar da ba ta da fashi ita ce me ya sa ka zaɓi wannan fanni. Amsar da ta fi yawa, wadda kuma ba ta kawo maki, ita ce "ina son taimakon mutane". Malamin makaranta ma yana taimakon mutane, haka direban motar asibiti. Ka ɗora amsarka a kan abu huɗu bi da bi: matsayinka a jimla ɗaya, abu guda da ka gani da idonka, abin da ka yi bayan ka gan shi, sannan abin da ke cikin wannan kwas ɗin da zai cike maka giɓi. Ga kamanninta, kai ka sa naka labarin na gaskiya ka faɗa da Turanci: "Ina son in ƙware a mayar da ɗan wasa fili bayan rauni. A ƙungiyar da na yi aiki, yaro kan gurɗe a idon sawu, a kai shi wurin mai ɗori, ciwo na lafawa ya dawo wasa, bayan wata ɗaya ya sake gurɗewa a ƙafar nan dai. Sai na fara sa su atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya da ƙarfafa jijiyoyin sawu kafin su koma wasa, ina rubuta wanda ya sake jin ciwo. Abin da na rasa shi ne yadda ake auna cewa ƙafa ta shirya, kuma shi nake nema a zuwa aikin koyo da kwas ɗinku ke turawa." Wannan ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. Lura kuma ba a zagi mai ɗori a ciki ba. Kushe gida don a burge Bature ba ya ƙara maki, sai dai ya nuna mutum zai raina majinyacin da ya zo da nasa imanin.

A nan akwai rami. Ka san bambancin ɗan kinisiyoloji da likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, domin za a iya tambayarka kai tsaye. A Ontariyo kinisiyoloji sana'a ce mai hukumar kula da ita tun 2013, aikinta auna motsin jiki da amfani da atisaye wajen gyara shi ko inganta shi. Fisiyo hukumarsa daban, karatunsa daban, kuma doka ta ba shi ikon wasu ayyuka, kamar sanar da majinyaci cutar da ke damunsa a iyakar fanninsa, waɗanda ba ta ba ɗan kinisiyoloji ba. Wanda ya yi magana kamar yana neman tsani ne zuwa fisiyo ya gaya musu kujerar tasu ba ita yake so ba. 'Yan'uwanmu na Nijar su kula sosai: wanda ake kira "kiné" a Yamai ko a Faransa shi ne fisiyo a Kanada ta masu Turanci, ba ɗan kinisiyoloji ba. Sunan ne ya yi kama.

Kashi na biyu su ne tambayoyin "ba mu labarin wani lokaci da": da ka samu saɓani da abokin aiki, da ka yi kuskure, da ka jagoranci wani abu. Tsarin da aka saba shi ne wanda ake kira STAR: halin da ake ciki, nauyin da ke kanka, abin da ka yi, da yadda ta kaya. Ba a haddace tsarin matsala take ba, a rabon lokaci take. Idan minti biyu gare ka, ba wa halin da ake ciki daƙiƙa 20, nauyin da ke kanka daƙiƙa 10, abin da ka yi minti ɗaya cur, sauran daƙiƙa 30 ga sakamako da abin da ka canza a aikinka daga ranar. Mu kan yi akasin haka, mu cinye minti ɗaya da rabi muna bayanin garin da filin da waye wane. Minti biyu kalmomi 250 zuwa 300 ne kawai na Turanci, ba wurin tarihi.

Sai maganar "mu". Bahaushe na jin nauyin cewa "ni na yi", yana ganin yabon kai jahilci. Amma idan ka ce "muka tsara, muka gyara", mai maki ba shi da abin rubutawa, domin ba ƙungiyarku ce ke neman gurbi ba. Ka ce "mu" a wurin bayyana aikin, ka ce "ni" a wurin abin da hannunka ya yi: na kira kocin gefe, na nuna masa rubutun raunukan, na ba da shawarar a rage gudu a ranar da ta biyo bayan wasa. Wannan bayar da rahoto ne, ba fariya ba. A tambayar kuskure kuma ka kawo kuskure na gaske wanda kai ka yi, ba irin "aibina shi ne na cika son aiki" ba, kuma kada ka rufe da "haka Allah ya ƙaddara". Gaskiya ne, amma su abin da ka gyara suke jira. Labari biyar ko shida sun ishe ka, kowanne ana iya juya shi ya amsa tambaya biyu ko uku. Kada ka ambaci sunan majinyaci ko ɗan wasa ko da yana Funtuwa ne, su suna Toronto. Suna lura da wannan.

Inda aka fi zubar da maki shi ne tambayoyin "me za ka yi idan". Misali: ana wasan ƙarshe, yaro ɗan shekara 15 ya yi karo da kai, ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, koci na son ya koma, uban yaron na bakin fili yana ɗaga murya. A nan kaɗai ne ba a son ka yanke hukunci a jimlar farko ba tare da nuna hanyar da ka bi ba. Fara da faɗin ainihin abin da ke karo da juna: lafiyar ƙwaƙwalwar yaro da burin cin wasa. Ambaci waɗanda abin ya shafa da abin da kowa ke tsoro. Faɗi abin da za ka bincika: jiri, ciwon kai, amai, ruɗewa, ko ya san inda yake da wanda ake wasa da su. Sannan ka tsaya a kan matsaya: ana zargin bugun ƙwaƙwalwa, yaro ya fita, ba ya komawa ranar. Ontariyo na da doka a kan haka tun 2018, ana kiranta dokar Rowan, wadda ta wajabta wa ƙungiyoyin wasa tsarin cire ɗan wasa da na mayar da shi, kuma sai likita ko babbar ma'aikaciyar jinya mai izini ta duba shi. Ka ƙare da yadda za ka gaya wa uban cikin mutunci, da rubuta abin da ya faru. Masu fāɗuwa iri biyu ne: mai yanke hukunci cikin daƙiƙa goma ya yi shiru, da mai ta auna ɓangarori har ƙararrawa ta buga bai zaɓi ko ɗaya ba.

Tambayoyi biyu na irin wannan sukan kama mutanenmu musamman. Ta farko: ɗan wani dattijo da kake wa atisaye ya tare ka a ƙofa yana tambayar yaya jikin Baba. A gida ka san amsar, har ka ƙara da addu'a. A Kanada bayanin lafiyar mutum nasa ne, ba a ba ɗa ko mata sai da izininsa. Amsa mai kyau ita ce ka karɓi ɗan da fara'a, ka ce bari mu shiga mu tambayi Baba ko yana so a yi bayanin a gabanka. Ta biyu ita ce taɓa jikin wanda ba jinsinka ba. Aikin nan akwai kama gwiwa, akwai dafa kafaɗa, akwai auna ƙugu. Ka zauna da kanka, ko da malamin da ka yarda da shi, ka warware wannan kafin ranar, kada a gan ka kana inda-inda. Abin da sana'ar ke nema shi ne a bayyana abin da za a taɓa da dalili, a nemi izini, a rufe inda ba a aiki a kai, a ba da damar shigo da wani idan majinyaci na so. 'Yan'uwa mata masu hijabi, wannan shirin ya hau kanku ku ma.

Wani zangon kuma za ka tarar da ɗan wasan kwaikwayo a zaune, a ce tsohuwa ce da aka yi wa aikin gwiwa, koya mata tashi daga kujera. Ba lacca ake so ba. Gaishe ta, faɗi sunanka, tambaye ta inda ke ciwo da abin da take tsoro. Jawo kujera ka zauna daidai da ita. Nuna mata da jikinka: matso bakin kujera, ja ƙafafu baya su zo ƙarƙashin gwiwa, sunkuyo har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, dafa hannun kujera, miƙe. Sai ka ce ta gwada, kana tsaye a gefen ƙafar da ke ciwo. A ƙarshe ka ce ta maimaita maka matakan da bakinta, domin "kin gane?" kowa "eh" yake cewa. Idan ta ce jiri take ji ko ƙirjinta ya riƙe, a tsaya nan take. Sunayen tsokoki na Latin ka bar su a aljihu.

Abin da ka taso da shi ma jari ne idan ka iya sa shi a ma'auni. Ka san yadda ake horar da ɗan wasa mai azumi: a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki, a rarraba shan ruwa tsakanin magariba da sahur. Ka san yadda za a cika minti 150 na motsa jiki a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara, ga matar da ba za ta taɓa shiga gidan motsa jiki na gauraye ba. Malaman da ke gabanka suna da irin waɗannan mutane a Toronto da Ottawa.

Idan aka tambaye ka ina ka dosa bayan karatu, faɗi gaskiya, amma ta dace da abin da ka rubuta wa hukumar shige da fice. Kada takardar neman biza ta ce za ka koma gida, bakinka ya ce ko da wasa. Ka kuma duba tun yanzu ko izinin zamanka ya ba ka damar wannan karatun da zuwa aikin koyo, ko an gama tantance sakamakonka na gida idan makarantar ta nemi na WES, wato ƙungiyar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, da kuma takardun rigakafi da na binciken 'yan sanda da ake nema kafin a tura ɗalibi wurin majinyata. Na 'yan sandan kan ɗauki makonni.

Mako ukun nan ka raba su haka. Na farko, rubuta labaranka a taƙaice, kalmomi biyar-biyar na tuni, ba cikakken rubutu ba, domin haddadden jawabi ana jin sa, kuma da an katse ka da tambaya ya warware. Na biyu, ɗora waya ka ɗauki kanka da agogo, tambaya uku kullum, ka saurara ka ƙirga daƙiƙa nawa ka ci kafin amsar ta fito. Idan ta haura 15, sake. Na uku, nemi wanda ba Bahaushe ba, wanda ba zai ji nauyinka ba, ya yi maka tambayoyin ya riƙa katse ka. Ka koyi kallon ido, domin sunkuyar da kai da muke yi don girmamawa su rashin tabbas suke karantawa a ciki. A bidiyo kuma kyamara ake kallo, ba fuskarka a allo ba. Rage sauri, ba sai ka canza harshenka ya koma na 'yan Kanada ba. Idan ba ka ji tambaya ba ka ce a maimaita. Masu sayar da "tambayoyin bara" a WhatsApp kuwa ka rabu da su, makarantu da yawa na sa ɗalibai sa hannu kan ba za su fitar da tambayoyin ba, kuma kama mutum da su na iya cinye gurbin gaba ɗaya. Idan ta intanet za a yi, gwada kyamara da makirufo kwana ɗaya kafin ranar, a ɗakin da za ka zauna, a daidai lokacin da za a yi, don ka ga inda haske ke faɗowa, ka kuma roƙi abokan zama su ba ka awa biyu ba hayaniya.