Amsa: Me ya sa ake sa ƙarfe a ƙwayoyin gano fosfet?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake dasa ƙarfe a cikin ƙwayoyin sinadaran da ke gano fosfet, wato sinadarin da ya ƙunshi fosfaras da oksijin. Matsalar daga ruwa take, domin ƙwayoyin ruwa suna lulluɓe fosfet ƙam, har sinadarin kamu marar ƙarfe ya kasa raba shi da su. Ƙarfe irin zinki kuwa, da yake cajinsa na lantarki kishiyar na fosfet ne, yana riƙe oksijin ɗin fosfet kai tsaye.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na zinki biyu a jere, irin wanda ke cikin enzayim ɗin alkalin fosfatas (enzayim furotin ne da ke gaggauta aikin sinadarai a jiki). Ana fara ɗora musu wani rini, ruwan ya yi shuɗi; da zarar fosfet ya shigo sai ya ture rinin ya maye gurbinsa, ruwan ya koma rawaya a gaban idonka. Yuropiyum kuma, wani ƙarfen da ake sawa, jan haskensa ne ke ƙaruwa idan fosfet ya kori ruwan da ke dushe shi.

Sai dai ka kula da ATP da fairofosfet, sinadarai masu ɗauke da rukunin fosfet fiye da ɗaya, domin sau da yawa sun fi fosfet manne wa zinki, kuma ka tsayar da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wuri guda kafin ka amince da sakamakon.