Amsa: Shin "ana zargin" tana kare ɗan jarida daga ƙara?

Malam, ka tambaya ko rubuta "ana zargin" ya isa ya kare ɗan jarida idan ya ambaci sunan mutum. Gaskiya bai isa ba. A Penal Code, wato kundin dokar hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, sashe na 391 ya fayyace ɓata suna, na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko biyan tara. Yaɗa ƙazafin wani ma laifi ne, ko da ba kai ka ƙirƙira ba.

Abin da ke tsayawa a gaban alƙali hujja ce: takardar kotu, sanarwar 'yan sanda, muryar da ka naɗa. Sannan ka kira wanda ake zargin ka ji ta bakinsa kafin ka wallafa. Masu gaggawar sakawa a Facebook nan suke faɗawa rami.