Ɗana yana ɗaurin talala a New York, zai iya komawa Ohio?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kotun jiha ta yanke wa ɗana ɗaurin talala (probation, wato zama a waje ƙarƙashin sa idon jami'i) na shekara 3, ya ci ɗaya. Ƙanena da ke Columbus a jihar Ohio ya samo masa aiki da ɗaki, mai gidan hayar kuma yana neman kuɗin ajiya. So nake ya yi nisa da abokan da suka jefa shi cikin wannan hali. In biya kuɗin? Daga wata uwa a Bronx.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Niyyarki mai kyau ce, amma ki riƙe kuɗinki tukuna. Kada a biya ajiya, kada a sa hannu a takardar haya, kada kuma yaron ya ajiye aikin da yake yi yanzu.

A Amurka mai ɗaurin talala ba ya tashi daga jiha zuwa jiha da ra'ayin kansa. Akwai yarjejeniya tsakanin jihohi 50 ɗin, wadda ta fara aiki a 2002, kuma a ƙarƙashinta duk wanda ta shafa da zai zauna a wata jiha fiye da kwana 45 a jere, sai an miƙa kulawarsa ga hukumar can. Jami'in da ke sa masa ido a New York shi ne ƙofar farko. Idan jiharsu ba ta tura buƙatar ba, magana ta tsaya. Idan ta tura, Ohio na da kwana 45 ta yi bincike ta ba da amsa, kuma a lokacin yaron yana nan inda yake. Mai gidan haya ba lallai ya jira ba, ajiyarki kuwa tana iya tafiya a banza.

Abin da zai taimake ku shi ne kawun nan. Idan saura fiye da kwana 90 a wa'adinsa, yana bin sharuɗɗan kotu, yana da dangi a can da suka yarda su tallafe shi, ga hanyar samun abinci, ga kuma ingantaccen tsarin kulawa da shi, to Ohio ba ta da ikon ƙin karɓarsa. Sai dai a nan mutanenmu ke tuntuɓe. Dangin da ƙa'idar ta sani su ne iyaye, kakanni, kawu ko baffa, inna ko gwaggo, wa, ya, ƙane ko ƙanwa baligai, ɗa ko 'ya baligai, miji ko mata, mijin uwa ko matar uba, da mariƙin da doka ta sani, kuma sai sun yi aƙalla kwana 180 a jihar. Aminin uba da muke kira Baffa don girmamawa ba ya ciki, haka ma ɗan kawu. Tunda ƙanenki ne na jini, kun tsallake wannan, muddin ya cika kwana 180 ɗin a Ohio.

Shawarata ya ba da adireshin gidan kawunsa, ba ɗakin haya ba. Jami'an Ohio kan je su duba inda zai zauna, don haka a sanar da kawun tun da wuri, ya kuma karɓo takardar ɗaukar aiki a rubuce. Zama gaban babba ma ya fi masa amfani a watannin farko.

Ki sa a lissafi cewa jihar da zai koma tana iya cajin kuɗin kulawa duk wata, ta kuma ƙara masa sharuɗɗa. Zai sa hannu cewa idan ya karya sharaɗi ana iya mayar da shi New York ba jayayya, domin shari'arsa tana hannun kotun da ta yanke ta. In ya tafi ba izini kuwa, ana iya ba da sammacin kama shi. Kafin ya je wurin jami'in, ya fara zama da lauyan da ya tsaya masa a shari'ar.