Ina kuɗin cacar da aka ce na makarantun Virginia ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a gundumar Fairfax ta jihar Virginia, yarana uku suna makarantar gwamnati. Na ji gunduma ta sa kuɗin makarantu a sahun gaba cikin buƙatun da za ta kai majalisar jiha, har tana neman a ƙara mata iko. Amma ɗana na tsakiya a ajin wucin gadi da aka girke bayan makaranta yake karatu, harajin gida kuma kullum hawa yake. A zaurenmu na WhatsApp ana cewa ribar cacar jiha kaɗai ta ishi makarantu, shugabannin gunduma ne ke danne kuɗin. Hankalina ya tashi. Cutarmu ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya miki zuri'a. Waccan takarda ta buƙatu roƙo ce, ba doka ba. Majalisar gunduma kan amince da ita a ƙarshen shekara, ta miƙa wa wakilan yankin kafin majalisar jiha ta zauna a Richmond, babban birnin jihar, ranar Laraba ta biyu a watan Janairu. Dalilin roƙon kuwa, Virginia na bin ƙa'idar Dillon, wadda ta samo suna daga wani alƙalin jihar Iowa, John Dillon, da hukuncinsa na 1868: ƙaramar hukuma ba ta da wani iko sai wanda jiha ta ba ta. Hukumar makarantu ma ba ta iya sa haraji ko na sisi, sai abin da aka yanka mata.

Maganar caca kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Duk taron iyayen da na shiga sai wani ya miƙe da ita, yana magana kamar ya bankaɗo asiri. Gaskiya ne tun 2000 masu zaɓe suka gyara tsarin mulkin jihar, aka wajabta ribar caca ta tafi ga makarantun gwamnati. Gaskiya ne kuma kuɗin na da kauri a baki: a shekarar kuɗi ta 2024 sun haura dala miliyan 900. To amma ki ɗauki biro. Ɗaliban makarantun gwamnati a Virginia sun fi miliyan ɗaya da dubu 200. Ki raba, kowane yaro bai samu dala 800 ba a shekara. A Fairfax kuwa abin da aka kashe kan ɗalibi guda a waccan shekarar ya kusan dala 20,000. Ina dala 800, ina 20,000? Ita kanta hukumar cacar kusan kashi 10 cikin 100 na kasafin ilimin jiha take cewa tana kawowa.

Abin da masu yaɗa jita-jitar ba sa faɗa ya fi wannan ciwo. Dokar ta ce kuɗin caca su shiga ilimi, ba ta hana jiha janye nata kuɗin daga wurin ba. Shirye-shirye da dama da a da baitulmalin jiha ke biya, yanzu asusun caca ne ke ɗauke da su. Kamar ɗan'uwa ne ya kawo wa gida gudummawar cefane, maigida ya gani ya rage nasa daidai wannan adadi. Tukunya ba ta ƙaru da komai ba. Har na ji masu cewa suna yankar tikiti don su taimaka wa yara. Subhanallah! Mafi yawan kuɗin tikitin kyautar masu ci da ladan dillalai ne ke lashe su. Kada wani ya lulluɓe caca da rigar sadaka.

Haɗarin wannan magana shi ne inda take kai mutane. Uwar da ta yarda kuɗi na nan jibge an ɓoye, ranar zaɓe in ta ga tambayar amincewa da rancen gina makarantu sai ta dangwala "a'a", alhali da irin wannan rance ake gina ajin da zai fitar da ɗanta daga na wucin gadi. Ta tafi ta yi ta faɗa da shugaban makaranta, wanda ba shi da ta cewa, 'yan majalisar Richmond kuma suna zaune lafiya babu mai buga musu waya.

Inda giɓin yake an riga an auna shi. A 2023 hukumar bincike ta majalisar jiha, JLARC, ta gano makarantun Virginia na samun kashi 14 cikin 100 ƙasa da matsakaicin jihohin Amurka 50, kusan dala 1,900 kan kowane ɗalibi. Ga kuma ma'aunin da jiha ke raba kuɗi da shi: rabi darajar gidaje da filaye, kashi 40 kuɗin shigar mazauna, kashi 10 cinikin kasuwa. Da wannan awo Fairfax mai arziki ce, don haka kusan kashi 70 na kasafin makarantunta daga aljihun gunduma yake fita, galibi harajin gida. Shi ya sa naki ke hawa, mai haya kuma ya biya ta hannun mai gidan da yake haya. Ikon da gundumomi suka nema ya haɗa da izinin tambayar masu zaɓe su ƙara kashi 1 kan harajin saye da sayarwa don ginin makarantu. Gundumar Halifax ta samu tun 2019, amma da majalisa ta so buɗe wa kowa a 2024, gwamnan jihar na lokacin, Youngkin, ya hau kujerar na ƙi.

Ban ce gunduma ba ta da laifi ba. Kasafinta a buɗe yake a intanet, ana kuma sauraron jama'a a kansa a watan Afrilu. Ki je ki tambayi yaushe makarantar ɗanki ke kan layin gyara. Amma kafin nan, ki nemo sunan wakilinki da sanatanki na jiha. Wakilan Fairfax kan zauna sauraron jama'a a farkon Janairu kafin su wuce Richmond. Ki yi rajistar magana, ki ja mata biyu ko uku daga zauren naku, ki faɗa musu sunan makarantar da yawan yaran da ke ajin ɗanki.