Darasin juyin halitta a makarantar mishan: in koyar ko in tsallake?

Tambaya: Ni malamar bayoloji ce a wata sakandare ta ikilisiya a Jihar Filato. Duk shekara idan muka iso darasin juyin halitta sai aji ya rikice, ɗalibai su ce littafin Farawa ya riga ya yanke magana, wasu iyaye kuma su kai ƙara wurin shugaban makaranta cewa ina koya wa 'ya'yansu wai kakansu biri ne. Ina tsoron raunana bangaskiyar yaran, ina kuma tsoron su faɗi jarrabawa. In tsallake darasin ne?

Amsa: Malama, kada ki tsallake shi. Lamarck da Darwin, masanan da suka kawo ka'idojin juyin halitta, wato yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali daga tsara zuwa tsara, suna cikin manhajar WAEC da NECO, kuma yaron da kika ɓoye wa darasin yau zai tarar da shi gobe a jami'a, a hannun wanda bangaskiyarsa ba ta dame shi ba.

Ƙarar iyayen nan ita ce ta fi damuna, domin babu taron malamai da zan je ban ji wannan magana ta biri ba, wani lokaci ma daga bakin masu digiri a kimiyya. Masana juyin halitta ba su ce biran da muke gani yau ne suka rikiɗa suka zama mutane ba. Abin da suka ce shi ne mutum da birin cimpanzi, irin wanda ke dajin Gashaka Gumti, sun haɗa kakanni kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, sannan kowane reshe ya kama hanyarsa. Taubashinka ba kakanka ba ne. Saboda haka tambayar nan da ake jefawa a kan bagade jama'a su yi ta tafi, wato "in daga biri muka fito, don me har yanzu akwai birai?", ba ta taɓa ko gefen maganar ba. Mutum yana da 'yancin ƙin yarda da ka'idar, amma ba shi da 'yancin ƙaga wa masu ita abin da ba su faɗa ba. Wannan shaidar zur ce, kuma Fitowa 20:16 ba ta keɓe Darwin ba.

Haka nan labarin da ke yawo a WhatsApp cewa Darwin ya tuba a gadon mutuwa ya janye maganarsa. Darwin ya rasu a 1882, labarin bai fito ba sai 1915, 'ya'yansa kuma sun ƙaryata shi a fili. Har yau ana karanta wa yara shi a taron sujada na safe. Haɗarin kuwa shi ne, ranar da yaron ya ga hoton ƙoƙon kan Tumai, wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum, wanda aka tono a hamadar Jurab ta arewacin Chadi a 2001, ko ya karanta abin da Darwin ya rubuta da kansa a 1859, zai gane cewa an yi masa ƙarya da sunan Allah, kuma sau da yawa ba ƙaryar kaɗai yake zubarwa ba, har da bangaskiyar yake haɗawa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi wannan gargaɗi fiye da shekara 1,500 da suka wuce, cewa Kirista mai shirme a kan al'amuran halitta yana jawo wa Littafi Mai Tsarki ba'a.

A cikin aji, ki fara da abin da suka sani. Kowa ya san sikila, kuma masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar gadon ta yawaita a yankunan da sauro ya yi katutu. Kulorokwin ma ya daina aiki yadda ya kamata ne domin ƙwayoyin cutar da suka jure shi su ne suka rayu suka hayayyafa. Daga nan sai ki wuce zuwa ƙasusuwan da aka tono da sauran hujjoji, kina cewa "bisa ga Darwin" ko "masana sun gano", yadda mai duba takardar jarrabawa yake so a rubuta.

Idan ɗalibi ya ɗaga Farawa, kada ki kunyata shi. Ki gaya masa gaskiya cewa Kiristoci sun yarda Allah ne Mahalicci, amma sun sha bamban a kan kwanaki shida na halitta da Farawa ya ambata: wasu na ɗaukarsu kwanaki na sa'a 24, wasu zamanai masu tsawo, Fafaroma Pius na 12 kuma ya halatta bincike a kan asalin jikin mutum tun 1950, bisa sharaɗin cewa rai daga Allah yake kai tsaye. Matsayin ikilisiyar da ta mallaki makarantar aikin fasto ne da malamin addinin Kirista su bayyana shi, don haka ki zauna da su da shugaban makaranta kafin makon darasin, ki nuna musu shafin manhajar, a kuma sanar da iyaye a taronsu na farkon zango.