Amsa ga mai neman tafintan Glavda a Abuja

'Yar uwa wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce surukarki ta zo daga Gwoza, ba ta jin Hausa sai Glavda, ga shi za ki kai ta asibiti ba ki san inda za ki samo tafinta ba. Abin da ya ci mu kenan da kakata bayan an watsa mu a 2014.

Don girman Allah kar ki yarda a sa yaro ya fassara mata. Mu a wani asibiti nan Abuja nas ɗin ƙin jira ta yi gwaggona ta iso, sai ta jawo ƙanena da ko firamare bai gama ba wai shi ya tambayi tsohuwa me ke damunta. Ciwon mata ne fa, jini ke zuba, ta ina tsohuwa za ta buɗe baki ta faɗa wa jikanta namiji wannan? Ta ce ciki ne kawai, aka rubuta maganin ulsa muka dawo gida, sai da ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki tukun aka gane. Kuma nas ɗin nan tana taunar cingam tana latsa waya take ce mana ku 'yan gudun hijira kullum da matsala, har yau in na tuno fuskarta raina ɓaci yake.

Ki shiga sansanin 'yan gudun hijira na Durumi ko na New Kuchingoro a nan Abuja, mutanen Gwoza sun fi yawa a can, ki nemi shugabar mata ta haɗa ki da mace babba da za ta yi muku tafinta. Cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) ma suna da mutanenmu, ki tambaya ko da ke musulma ce. Amma ki tantance, Gwoza ba yare ɗaya ba ne, akwai Guduf akwai Mafa akwai Mandara, ba duk ɗan Gwoza ke jin Glavda ba. Google Translate kam ki manta, an sa Kanuri da Fulatanci a 2024 amma namu babu.

Abin haushi a kotu sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta, marar lafiya kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

Ki ba matar kuɗin mota da na abinci, wuni za ta yi a layi. Kafin ku rabu ta yi miki rikodin a waya da Glavda, wane magani na safe wane na dare, ki riƙa kunna wa Mama. Allah ya ba ta lafiya.